Labarin Manjo McCudden, Mayaƙin Sama

A farkon watan Nuwamba na shekarar 1925 waɗansu jiragen sama guda uku da suka fito daga Masar suka sauka Kano, su ne kuwa na fari da suka taɓa zuwa Nijeriya. Sa'ad da mutanen ƙasar nan ke ganin abin mamakin nan karon farko, Turawa sun riga sun yi shekara huɗu suna kashe juna da shi a sararin sama, har an yi shekara bakwai da binne mutumin da mu ke so mu ba ku labarinsa. Sunansa James McCudden. Ya harbo jiragen Jamus 57, ya sami lambar girma wadda ta fi kowace lamba a sojan Ingila, ya mutu yana da shekara 23, wato tsaran yawancinmu. Mayaƙan sama suna da yawa, amma mun zaɓe shi ne don ya fara aikinsa daga ƙasa, da baƙin mai a hannu, kuma don cikin 'yar rayuwar nan tasa sau uku ana ba shi aikin koyarwa.

An haife shi ran 28 ga watan Maris na 1895 a wani gari da a ke kira Gillingham, kudu maso gabas da London. Gidansu gidan soja ne. Ubansa samanja ne cikin sojan injiniya, ya yi yaƙi a Masar cikin 1882. A makarantar barikin soja James ya yi karatu, bai kuwa yi nisa ba, don yana da shekara 14 ya bar makaranta ya zama masinja a gidan waya. A lokacin nan iyayensa sun koma Sheerness, kusa da wani fili inda masu gwada jiragen sama na farko ke tashi suna faɗuwa. Shi da 'yan'uwansa su kan je su yi ta kallo, su taimaka da 'yar tura da 'yar ɗauka in an bar su. Daga nan sha'awar abin ta shige su. Cikin watan Afrilu na 1910 ya bi sawun ubansa ya shiga sojan injiniya, aikinsa busa begila, aka kai shi Jibralta ya yi shekara ɗaya da rabi.

Cikin 1912 Ingilishi suka kafa rundunar jiragen sama, wansa William ya shiga. Da shekara ta kewayo James ya nemi a mai da shi can, aka karɓe shi makaniki. Farkon aikinsa bai yi kyau ba. Wata rana aka bar shi da wani jirgi ya saba da shi, ya murza farfela, ashe injin a kunne ya ke. Jirgin ya zabura ba kowa ciki, ya banki wani jirgi, ya kuma taɓa motar wani babban hafsa. Aka kulle shi gadurum kwana bakwai, aka yanke masa albashi. Mai karatu ya riƙe wannan, gama daga baya ba a sami matuƙin da ya kai shi bin diddigin inji ba.

Cikin watan Agusta na 1914 Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, wanda a cikinsa sojan Nijeriya suka yi yaƙi da Jamus a Kamaru. McCudden ya haye Faransa tare da Ƙungiya ta 3 ta jiragen sama, yana makaniki. Ya kamata mu san irin jiragen zamanin nan. Da katako a ke yinsu, a lulluɓe da zane mai kauri, a ɗaure da waya. Matuƙi yana zaune a fili, iska na dukansa, ba rufi bisa kansa, ba kuwa laimar da zai diro da ita in jirgin ya lalace. Da fari amfaninsu leƙen asiri ne kaɗai, su tashi su gano inda abokan gaba suka nufa, su nuna wa masu igwa inda za su auna. Da rundunonin biyu suka haƙa ramuka suka zauna fuskantar juna, tun daga bakin teku har iyakar Suwizalan, sai ya zama wanda ya ga bayan ramin ɗan'uwansa shi ke da rinjaye. Saboda haka kowane gefe ya shiga neman hanyar hana jiragen ɗayan leƙe. Aka fara da ƙaramar bindiga, aka kai ga ɗaura bindiga mai ruwa a jirgi. Asalin yaƙin sama ke nan.

McCudden ya yi ta gyaran inji dare da rana, ya zama kofur, cikin 1915 ya zama saje. A watan Mayu na shekarar nan labari ya iske shi cewa wansa William ya faɗi da jirgi a Ingila yana koya wa wani tuƙi, ya mutu. Wannan bai sa ya ja da baya ba, sai ma ya nemi a bar shi ya koyi tuƙi. Aka hana shi, wai ba za a iya rabuwa da makaniki irinsa ba. Gwanintarsa ta zama masa tarnaƙi. Da ya ga haka sai ya riƙa roƙon matuƙa su tafi da shi a kujerar mai leƙe, ya riƙe bindiga. Ya yi wata da watanni yana haka, yana gyara da dare yana tashi da rana, har ya yi arangama da jiragen Jamus masu suna Fokker, waɗanda suka addabi Ingilishi a ƙarshen 1915 don suna iya harbi ta tsakanin farfela. Cikin Janairu na 1916 Janar Joffre, babban hafsan Faransa, ya maƙala masa lambar yaƙi ta ƙasarsu. A watan nan ne kuma aka sake shi ya koma Ingila koyon tuƙi.

Mutumin da ya shekara uku cikin inji, ya kuma zauna bayan matuƙa yana lura da hannunsu, koyo bai ba shi wuya ba. Ya sami takardar shaida cikin watan Afrilu, bai ko cika sa'a goma yana tashi shi kaɗai ba aka ba shi almajiri. Koyarwarsa ta fari ke nan. A watan Yuli ya koma Faransa, ran 6 ga Satumba na 1916 ya harbo jirginsa na fari. Ran 1 ga Janairu na 1917 aka ba shi hafsa. A Ingila ta wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama hafsoshi yawancinsu 'ya'yan masu hali ne da suka fito manyan makarantun kuɗi, ɗan samanja kuwa a kan sa ran ya tsaya inda ubansa ya tsaya.

Ya harbo jirage biyar ke nan aka kira shi gida cikin Fabrairu na 1917 ya koyar da yaƙin sama. An kira shi a kan kari. A watan Afrilu na shekarar nan Jamus suka harbo wa Ingilishi jirage fiye da 200, da yawa cikin waɗanda suka mutu kuwa sababbin matuƙa ne da aka aika fagen fama ba su gama sanin jirginsu ba. Abu biyu ke cinye sabon matuƙi. Na fari, ba ya ganin abokin gaba sai harsashi ya same shi, don Jamus kan ɓuya cikin hasken rana su faɗo masa ta baya. Na biyu, in ya karkata jirgi da garaje gudunsa ya ragu, sai jirgin ya kife ya dinga juyi kamar katantanwa yana faɗowa da ka, wanda bai san makamar fita ba sai ƙasa. McCudden ya dage kan waɗannan biyu. Cikin almajiransa akwai wani Edward Mannock, wanda ya girme shi da kusan shekara takwas, shi ma ɗan ƙaramin soja ne. McCudden ya koya masa yadda a ke fid da jirgi daga juyin nan, daga baya Mannock ya shaida cewa darasin ya ceci ransa. Almajirin nan shi ne ya zama ɗaya daga manyan shugabannin yaƙin sama na Ingila.

A tsakiyar watan Agusta na 1917 McCudden, yana kyaftin, ya koma Faransa cikin Ƙungiya ta 56, aka ba shi shugabancin jirage shida. Ƙungiyar nan ta zaɓaɓɓu ce. A cikinta Albert Ball ya yi suna, saurayi mai faɗa wa abokan gaba shi kaɗai kome yawansu, wanda ya mutu a watan Mayu yana da shekara 20. Jirgin da su ke tuƙawa a ke kira SE5a, injinsa na da ƙarfin doki 200, yana da bindiga biyu, ɗaya bisa inji ɗaya bisa fiffiken sama. Jirgi ne mai sauri da ƙarfi, amma injinsa na yawan ba da wahala, bindigoginsa kuma su kan cije a tsakiyar faɗa.

A nan tsohon aikin McCudden ya biya shi. Sauran hafsoshi in sun sauka sai su miƙa jirgi ga makanikai su nufi ɗakin cin abinci. Shi kuwa sai ya tuɓe riga ya shiga cikin makanikan, ya kwance bindiga, ya duba abin da ya sa ta cije, ya kai jirgin wurin gwada harbi ya daidaita saiti da kansa, ya yi ta maimaitawa har harsashi ya faɗa inda ido ya auna. Abokansa har su kan yi masa ba'a a kan haka. Makanikai kuma ba su iya ɓoye masa aikin ganganci, don ya san kowace ƙusa. In ya harbo jirgin Jamus ya faɗi a gefen Ingilishi, ya kan shiga mota ya je ya dudduba shi, ya ga ta ina mai bindigar baya ke iya harbi, ta ina kuma wutsiyar jirginsa ke tare masa gani.

Haka kuma ya ke da mutanensa. Ba ya kai su faɗa sai ya hau bisa abokan gaba, rana na bayansa. In ya ga an fi su yawa ko an fi su tsawo, ya kan juya da su gida, ba ya jin kunyar haka, gama ya ɗauka aikinsu shi ne su yi wa Jamus ɓarna mai yawa da hasara kaɗan. Sabon matuƙi kuwa ya kan sa shi kusa da shi, ya sa masa ido har ya ƙware. Waɗansu suna ganin wannan hali bai kai na Ball armashi ba. Amma mutanen McCudden sun fi na saura komowa gida.

Ran 23 ga Satumba na 1917, da la'asar sakaliya, suka gamu da wanda ya gwada su. Suna sintiri sai suka hangi wani jirgin Jamus mai fiffike uku yana fatattakar wani jirgin Ingilishi, suka faɗa masa. Ashe Werner Voss ne, saurayi mai shekara 20 wanda ya riga ya harbo jirage 48. Maimakon ya gudu sai ya juyo ya fuskance su. Wajen minti goma yana yaƙi da gwanayen Ƙungiya ta 56, yana juya jirginsa yadda ba su taɓa ganin an juya jirgi ba, ya huda jiragensu da harsashi, har da na McCudden. Daga ƙarshe wani yaron McCudden mai suna Rhys Davids ya same shi, jirgin ya faɗi ya farfashe. McCudden ya ga faɗuwarsa da idonsa, ya kuma rubuta a littafinsa cewa bai taɓa ganin Bajamushe mai ƙarfin zuciya kamarsa ba. Rhys Davids kansa bai ƙara fiye da mako biyar a duniya ba.

Da sanyi ya shigo McCudden ya ɗauki wani aiki da ya gagari saura. Jamus suna da jirage masu ɗaukar mutum biyu, irin su Rumpler, masu hawa ƙafa 18,000 ko fiye su ɗauki hoton ramuka da igwogi da hanyoyin jirgin ƙasa na Ingilishi. Hoto ɗaya in ya isa gida yana iya jawo ruwan igwa a kan ɗaruruwan mutane. Jiragen Ingilishi kuwa in sun kai tsawon nan sai ƙarfinsu ya ƙare, don iskar can ba ta da kauri, inji ba ya samun abin da zai ƙona mai da shi. McCudden ya zauna da makanikansa suka sa wa injinsa fistan masu matse iska ƙwarai, suka rage tsawon salansa, suka cire duk abin da ke ƙara nauyi, ya ɗauko murfin hancin farfela daga wani jirgin Jamus da ya harbo ya sa wa nasa. Jirgin ya riƙa wuce ƙafa 20,000.

Bayan ya gama sintiri da mutanensa sai ya sake tashi shi kaɗai, ya hau can ya yi ta jira cikin sanyin da ke daskarar da jini, ba shi da kwalbar iskar shaƙa, har ya kan sauko da ciwon kai da jiri. In ya hangi jirgin leƙe ba ya garaje. Ya kan bi shi kamar maharbi mai bin barewa, ya shiga tsakaninsa da gida, ya lallaɓo ta ƙarƙashin wutsiya inda mai bindigar baya ba ya ganinsa, sa'an nan ya buɗe wuta daga kusa. Cikin watan Disamba na 1917 kaɗai ya harbo jirage 14, huɗu daga ciki ran 23 ga wata. Ran 16 ga Fabrairu na 1918 ya sake harbo huɗu rana ɗaya. Ran 26 ga Fabrairu ya cika 57.

Kada daɗin lissafi ya sa mu manta abin da a ke lissafawa. Yawancin jiragen nan mutum biyu ke cikinsu, samari kamarsa, masu iyaye a gida, jirgi kuwa in ya kama wuta a sama ba su da hanyar fita. McCudden ya san haka. Ya rubuta cewa ran da ya fara ganin jirgin da ya harba yana ci da wuta, tausayin mutumin ya kama shi har zuciyarsa ta tashi. Gidansu ma bai tsira ba. Ya koma Ingila a farkon Maris na 1918, ran 18 ga watan Jamus suka harbo ƙanensa John, matuƙi mai shekara 20.

Ran 6 ga Afrilu na 1918 Sarki George na Biyar ya maƙala masa lambar Victoria Cross a fadarsa ta London. Takardar da gwamnati ta fitar don bayyana dalilin ba shi lambar ta lissafa jiragen da ya harbo, ta kuma ambaci yadda ya ke kare sababbin matuƙa a cikin faɗa har hasarar mutanensa ta zama kaɗan. Aka aika shi garin Ayr a ƙasar Sikotilan ya koyar a makarantar yaƙin sama, koyarwarsa ta uku ke nan. A watannin nan ya rubuta littafin labarin shekarunsa biyar cikin rundunar jiragen sama, wanda har yanzu a ke karantawa.

Duk da haka akwai abin da lambobi ba su wanke masa ba. Da a ke neman wanda zai shugabanci Ƙungiya ta 85 aka kawo sunansa, hafsoshinta suka ƙi. Masu tarihi da yawa sun rubuta cewa cikin dalilansu har da asalinsa, wato ɗan bariki ne da ya taso daga makaniki, bai shiga makarantun da suka shiga ba. Wanda suka karɓa shi ne Mannock, almajirinsa. Shi kuwa aka ba shi manjo, aka naɗa shi shugaban Ƙungiya ta 60.

Ran 9 ga Yuli na 1918 ya ɗauki sabon jirgi daga Ingila ya haye teku zai je ya kama aiki. Da yamma ya sauka wani filin jirage a Auxi-le-Château don ya tambayi hanya, gama filin ƙungiyarsa na nan kusa, kuma bakin daga ya sauya tun barinsa Faransa. Aka nuna masa, ya tashi. Bai yi nisa da ƙasa ba injin ya ɗauke, jirgin ya faɗa cikin itatuwa a gefen filin. Aka ɗauke shi da rauni a ka, bai farfaɗo ba, ya cika a daren nan. Mutumin da Jamus suka kasa, wanda ya fi kowane matuƙi sanin inji, ajalinsa ya zo ta injin da bai sami kwanakin zama da shi ba. Aka binne shi a maƙabartar soja ta Wavans. Bayan kwana 17 Mannock ma ya faɗi, ran 26 ga Yuli. Ran 11 ga Nuwamba aka tsai da yaƙin, uwar McCudden ta rasa 'ya'ya uku a cikin jirgin sama. Lambobinsa suna ajiye a gidan tarihin sojan injiniya na Gillingham, garin da aka haife shi.

To, 'yan'uwa, labarinsa ke nan gwargwadon yadda wurin da aka ba mu ya ɗauka. Yaƙi mugun abu ne, ba ma fata waninmu ya gan shi. Amma akwai abin da mai shirin zama malami zai tsinta a nan. Shekara ukun da McCudden ya yi yana wanke inji, yana ganin waɗanda bai fi su kome ba suna tashi suna barinsa ƙasa, su ne suka ba shi abin da ya fi su da shi daga baya. Ya kuma ɗauki ran sabon yaro da aka danƙa masa abu ne da za a tambaye shi. Waɗanda suka raina asalinsa an manta sunayen yawancinsu. Ran da aka tura ɗayanmu wata ƙaramar makaranta ta ƙauye, aka ba shi aji ɗaya da allo mai tsagewa, ya tuna da mai busa begilan nan, ya tuɓe riga ya duba aikinsa da kansa.